Shekarar da Na Dawo Daga Biko Ni Kaɗai

Nafisa, Abdu, da ke auta Halima, wannan babin naku ne, domin na san abin da kuka tashi kuna ji a kaina. Kun ji an ce uwarku ta kalli fim ɗin fatalwa, kanta ya juye, ta je ta kashe auren ƙanenta. An faɗa muku a gidan biki, an faɗa muku a bakin famfo. Ke Nafisa har dambe kin yi a lakwal, makarantarku ta boko, a kan wannan magana, kika dawo da yagaggiyar riga kika ce ƙaya ce ta kama ki. Na san ba ƙaya ba ce, na dai ɗinke miki na yi shiru. Ban zaunar da ku na warware muku ba saboda a lokacin Inna kakarku tana raye, ba na son a ce ina iza wutar da ta fara lafawa. Yanzu Inna ta riga mu, babanku ya bi ta, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gargaɗi. To ku saurara. Fim ɗin yana cikin labarin, ban musa ba, amma ba yadda aka ba ku ba.

A wancan zamani babanku, Malam Isufu, yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Magarya, kuma shi ya fara ajiye tele da bidiyo a unguwarmu. Da yamma maza su cika zaure suna kallon masu naushe-naushe, mu mata sai dai mu jiyo ihu ta bayan katanga. Na ce masa wannan ba adalci ba ne, mu ma Allah ya yi mana idanu. Ya yi dariya ya ce to in ɗauka da rana, tunda da rana zaman banza take yi. Haka aka fara. Da an idar da azahar sai a kinkimo tele a shigo da ita ɗakina, a toshe taga da bargo, mata su fara sallama, kowace da abin taɓawarta: mai gyaɗa, mai aya, mai kwaɗon zogale a kwano. A tuɓe lulluɓi a jibge kan gado, a kwantar da jarirai a tsakiya, gumi yana tsiyaya amma ba mai motsawa sai an kira la'asar. Wallahi har gobe in na ji ƙanshin soyayyar gyaɗa da rana tsaka, ɗakin nan nake tunawa.

Finafinan Indiya muke kallo, kuma a lokacin ba a fara juya su zuwa Hausa ba, ba kamar yanzu da kuke latsa waya Ba'indiye ya kama zuba muku Hausa kamar a Kano aka yanke masa cibi ba. Aka rasa mai gaya wa mutane abin da ake cewa. Ni kuwa kun san bakina. Indiyanci dai ban iya ba, ko na sayen gishiri, amma ina da ido. Da hantsi ina tsintar wake sai in sa kaset ɗin in kalla ni kaɗai, in gane wa ke son wa, wa ke munafurci, wa zai mutu. Da rana in ja kujera 'yar tsugunne in zauna gefen tele, in rage mata murya, in dinga sa musu magana a baki. Har sunaye na raɗa musu. Duk saurayi mai sumar kai Ɗanliti ne, duk budurwa mai hawaye Tasalla ce, mugu kuwa ko bai da gemu Alhaji Gashin-baki ne. Akwai Ladi mai ƙosai, maƙwabciyarmu, wadda ba ta iya kallo baki rufe.

"Ke Tasalla, kada ki shiga maton nan! Rabi, gaya mata mana!"

"Na gaya mata, ta ce ina ruwanki."

Sai ɗaki ya kwashe da dariya. Akwai kuma Goggo Hajara, tsohuwa mai carbi, wadda da an tashi rawa sai ta ce a'uzubillahi ta kau da kai, amma ba ta taɓa fashi ba, ita ce ma ke fara tambaya ko an kawo sabo.

Mai kawo sabon kuwa kawunku Lawali ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goye shi har bayana ya yi kanta, ni na koya masa tafiya a tsakar gidanmu. Yana tuƙa mato tsakanin Magarya da Kano ta Babura, kuma bai taɓa dawowa hannu sake ba: kaset nawa, alewa taku, turare na Inna. In ya shigo yana kiran "Yaya! Yaya!" tun daga zaure, gidan gaba ɗaya sai ya ɗauka. Ina son yaron nan, ku rubuta wannan ku ajiye, domin masu ba ku labari sun tsallake shi. Matarsa Barira 'yar wani ƙauye ce a bayan Dungas. A kasuwar Dungas ya gan ta tana sayar da man gyaɗa, ya so ta, ta so shi, ba wanda ya tilasta wa wani. Yarinya ce mai dariya, in ta yi sai ka ga dasashinta, kuma a ɗakin kallo ita ke fara tsinkewa da ita tun kafin in ƙarasa magana.

Lawali yana da hannu. Haka muke faɗa a cikin gida, don kada a kira abin da sunansa. A waje rago ne, a ɗaki kuwa miya ta yi gishiri duka, an makara buɗe ƙofa duka, ya yi faɗa da 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, ya dawo ya sauke a kanta. A hankali Barira ta koma zama can ƙuryar ɗakin kallo, ba ta jingina da bango, dariyar ta ragu sai murmushi. In abin ya ishe ta sai ta yi yaji ta tafi gidansu. A bar ta ta huce, sannan a tashi biko, kuma tunda ubanmu ya rasu, ni ce babba, ni ce mai baki, ni ake turawa. Na je ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In durƙusa gaban mahaifinta, in ba da haƙuri, in kawo ayar haƙuri, in ba da dariya, kafin la'asar Barira tana bayana da ƙunshinta. Har kirari ake yi mini a dangi, wai Rabi ba ta zuwa biko ta dawo ita kaɗai. Haka na tarar ana yi, uwata ma an yi bikonta, ni ma da babanku mai hannu ne da an yi nawa.

A shekarar da nake ba ku labari, Barira ta samu ciki bayan dogon jira. Damina tana tsaka aka aiko mini da safe cewa an kai ta likita. Cikin ya zube. Aka ce santsi ya kwashe ta da bokiti a ka. Ni na kwana biyu ina jinyarta, ni na dinga gasa mata jiki da ruwan zafi, kuma da na ɗaga mata riga na ga bayanta na san santsi ba ya barin irin wannan shaida. Ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Da ta samu ƙarfin tafiya ta bi maton kasuwa ta tafi gidansu, aka bar ta har aka yi girbi. Sannan Inna ta kira ni ɗakinta. Na tarar da Lawali a zaune a ƙasa, gabansa turmin atamfa, takalmi, da ƙullin goro, idanunsa jajur.

"Yaya, na rantse da Allah na daina. Ɗana na kashe da hannuna, me ya rage kuma? Ki je ki dawo mini da ita, in ba ke ba babu mai iyawa."

Inna ta ce, "Ranar kasuwar Dungas za ki tafi. Namiji ba ya zama haka, har an fara yi da mu."

Na ce to. Kuma da gaske na ce, don kukansa ya taɓa ni. Yana fita ya miƙo mini sabon kaset daga aljihun rigarsa, ya ce ga na matanki, Yaya.

Kwalin kaset ɗin hoton saurayi da budurwa ne suna rawa a cikin furanni, irin wanda muka saba. Washegari da hantsi na zo in duba shi kamar kullum, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, bai dawo ba sai da mata suka riga suka cika ɗaki. Na ce ba komai, na soyayya ne, ko da ido rufe na fassara shi. Ashe can a Kano an sa kaset a kwalin da ba nasa ba.

Da farko lafiya lau. An kai amarya wani ƙaton gida, na ce ga Tasalla an kai ta gidan Ɗanliti, Ladi ta rangaɗa guɗa. Ba a jima ba Ɗanliti ya rufe ƙofa ya cire ɗamararsa. Ba waƙa, ba rawa, sai ƙarar duka da kwanuka suna faɗuwa. Na dai daure ina sa magana, amma dariya ta ƙare a ɗakin. Yarinyar ta gudu gidansu. Sai ga wata dattijuwa daga dangin mijin, mai fara'a, mai iya zama, ta zo da tire cike da kayan zaƙi, ta kama hannun uwar yarinya, ta yi hawaye, ta ba da dariya, ta tasa yarinya a gaba suka koma. Ban ko yi tunani ba na sa mata irin maganganun da na saba, don a bakina suke: a yi haƙuri, aure ibada ne, ya yi nadama. Bayan wannan aka nuna rijiyar gidan da safe, mutane sun kewaye ta, ana jawo yarinyar da igiya. Mijin yana kuka yana nuna gefen rijiyar, na ce wai santsi ne. Da kalmar ta fita daga bakina sai na tuna bayan Barira.

Daga nan fa abin tsoro ya fara. Ƙofofi suna buɗe kansu, fitila tana mutuwa, sawun ƙafa jiƙaƙƙe yana bayyana a daɓe ba a ga mai takawa. Mata suka cure wuri ɗaya, jarirai suka farka, Goggo Hajara tana jan carbi da ƙarfi tana cewa a kashe, a kashe, amma idonta yana kan tele. Sai ga ta ta fito, fatalwar yarinyar, cikin farin zane, gashi ya rufe rabin fuska, ruwa yana ɗiga. Ta nufi ɗakin mijin, Ladi ta miƙe tsaye.

"Yawwa! Shaƙe shi! Shaƙe ɗan banza!"

Amma fatalwar ta wuce ƙofarsa ko waiwaye ba ta yi ba. Ta bi dogon baranda har ɗakin dattijuwar nan mai tire, ta tsaya a kanta. Ba ta taɓa ta ba, ba ta yi ƙara ba. Ta dai yi wata 'yar gajeriyar magana a hankali, ta ci gaba da kallonta. Duk matan ɗakin suka juyo gare ni, don aikina ne in faɗi abin da ta ce. Ban shirya komai ba, na dai ji muryata tana cewa:

"Ke kika ce in dawo. Ke kika ce ya daina."

Ladi ta koma ta zauna. Babu matar da ba ta san inda za ni ranar kasuwar Dungas ba, atamfar ma tana kan akwatina suna ganinta. Kowa ya sha jinin jikinsa. Can Ladi ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Rabi, haka ta ce?"

"Haka ta ce."

Har yau ban san abin da yarinyar nan ta faɗa da Indiyanci ba, ban kuma nemi sani ba. Aka kira la'asar fim bai ƙare ba, mata suka ɗauki lulluɓinsu suka fita ba hira, ba a ko share ɓawon gyaɗa ba.

To a nan masu ba ku labari suke tsayawa, su ce tsoro ya kama ni na fasa. Ƙarya ne. Ni Rabi fatalwar tele ba ta hana ni barci, na san fenti ne da garin alli. Ranar kasuwa na yi wanka, na sa turare, na ɗauki atamfa da goro na hau mato, niyyata in dawo da Barira. A lokacin hanyar Dungas rairayi ne zalla, mu sauka mu tura, mu hau mu sake sauka. Daga Dungas na samu amalanken shanu na 'yan ƙauyensu da suka ci kasuwa. Gonaki duk an girbe, dammunan gero jingine da rumbuna, ina zaune kan buhu ina tsara maganar da zan yi wa mahaifinta, har da inda zan sa dariya.

Gidansu dangar kara ce, ana hango ciki tun daga nesa. Na hango Barira a bakin turmi da ƙannenta mata, suna sussuka. Ba ta riƙe taɓarya ba, tana shiƙa ne da faifai, wata ta faɗi wani abu, ta tuntsire da dariyar nan tata ta da, kai a sama, har tana riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta. Na ji daɗi, na ce alhamdu lillahi ta warke, aikina zai yi sauƙi. Na yi sallama da fara'ata.

Ta juyo ta gan ni. Dariyar ta yanke kamar an ɗauke kuran. Faifan ya suɓuce, gero ya watse, kaji suka rufa a kai, ba ta ko kore su ba. Irin kallon da ta yi mini na san shi, don shekaranjiya na gan shi a fuskokin matan ɗakina lokacin da abin nan mai farin zane ya fito. Ni ake yi wa shi yau, ni da turarena da gorona. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannu da zuwa Yaya, ya hanya, ya su Inna. Sannan ta tashi ta shiga ɗakin uwarta. Aka kawo mini ruwa da fura, aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, aka aika kiran mahaifinta daga masallaci. Ina zaune ina hango ta ta bakin ƙofa. Ta shimfiɗa zane a ƙasa tana jera 'yan kayanta a kai, tana ɗaure ƙunshi da hannu ɗaya da haƙori, don hannun hagun ba ya ɗaguwa sosai. Ban buɗe baki ba tukuna, ban ba da haƙuri ba, ba wanda ya ce mata tashi. Ta dai san in Yaya Rabi ta zo magana ta ƙare. Wannan shi ya karya ni, ba fim ba.

Mahaifinta, Malam Sale, dattijo ne manomi, siriri, mai kunya. Ya zauna nesa kaɗan, muka gaisa, ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke a ƙasa.

"Hajiya, tunda kika taso da kanki, mu ba mu da ta cewa. Babba ba ya takowa a mayar da shi. Ga ta can tana shiri."

Na tura masa ƙullin goron. Na ce:

"Baba, wannan goron na gaisuwa ne. Biko aka aiko ni, amma ba zan yi ba. Kada ku ba ni ita."

Ya ɗago ya dube ni. Na gaya masa abin da na gani a bayanta a likita, na gaya masa ba santsi ba ne, na gaya masa abin da Lawali ya faɗa da bakinsa a ɗakin Inna. Na ce ƙanena ne, na fi kowa saninsa, kukansa gaskiya ne, rantsuwarsa ma gaskiya ce a ranar da ya yi ta, amma na sha jin irinta. Na ce in na tafi da ita yau, ina tsoron zuwa na gaba ba biko zai kawo ni ba. Uwar Barira tana bayan danga tana ji, sai na ji ta fashe da kuka. Ashe su ma ba ta gaya musu ba, santsin ta ba su. Malam Sale ya ajiye tsinken, ya ce:

"Hajiya, ni talaka ne, shi mai mato ne a birni. In na ce ba zan bayar ba, gaban alƙali za a je. Can kuma maganata ba ta da nauyi. Ke ciki ɗaya kuka fito. Za ki iya maimaita wannan a gaban alƙali, ƙanenki yana zaune?"

Na san abin da yake tambaya, na kuma san abin da zai ci mini. Na ce zan iya. Na shiga ɗakin na tarar da Barira zaune kan ƙunshinta, lulluɓi a ka. Na ce kwance kayanki. Ta dube ni ba ta gane ba, sai da na durƙusa na kwance ƙullin da hannuna. Na kwana a gidan, da safe na ɗauko atamfa da takalmi na dawo da su Magarya.

Ranar da aka shiga gaban alƙali Lawali bai yarda zan yi ba. Har murmushi ya yi mini da na shigo, yana zaton na zo gyara. Alƙali ya tambaye ni me nake da shi, na ce ƙanena ne, ni na goye shi. Ya ce na ga dukan da idona? Na ce ban ga duka ba, na ga baya, na kuma ji daga bakin mai dukan. Na faɗi komai ban rage ba, ban ƙara ba, idona yana kan tabarma. Aka raba auren a ranar. Da muka fito Lawali ya tsaya a gabana.

"Abin da na faɗa a ɗakin uwata, ina kuka, shi kika kawo nan? Daga yau ba ni da ya."

Ya kuwa cika. Lawali bai sake kirana Yaya ba, bai sake taka gidana ba, in mun haɗu a hanya sai ya tsallaka. Inna ta yi wata da watanni ba ta cin abincin da na aika. Da ta sauko abin da ta ce mini shi ne, ita ta haife shi, ta san halinsa, amma ba a bakina ya kamata duniya ta ji ba. Har ta koma ga Allah ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba, muka zauna a haka muna son juna.

Ɗakin kallo shi ma bai kai labari ba. Magana ta zaga gari cewa a gidan Rabi ake koya wa mata yaji da finafinan aljanu. Maza suka fara hana matansu. Yau a rasa wannan, gobe a rasa waccan, Goggo Hajara ta aiko cewa ƙafa ke damunta. Ladi ce ta ƙarshe, muka kalli wani na soyayya mu biyu, ina fassara tana gyaɗa kai, ba wanda ya yi dariya. Da la'asar babanku ya shigo ya tarar da ni zaune gaban tele a kashe. Bai taɓa ce mini don me kika yi ba, bai kuma taɓa ce mini sannu ba, ba halinsa ba ne. Ya dai cire bargon daga taga ya ninke, ya ce in kama masa mu mayar da ita zaure. Na yi kewar ɗakin nan ƙwarai, ina kuma yi har yanzu. Amma kewar Lawali ta fi, domin har yau in mato ya tsaya a ƙofar gida sai na kasa kunne.

Don haka ku ci gaba da zuwa gaishe shi da salla kamar yadda na saba tura ku. Kawunku ne, ya tsufa, yana da haƙƙi a kanku, kuma rigimar tawa ce ba taku ba. Abin da ban yarda ba shi ne ku sunkuyar da kai in an ambaci wannan magana.

Barira ta yi aure daga baya, wani manomi a wajen Bande, ta haifi 'ya'yanta. Ba mu cika haɗuwa ba, sai dai saƙon gaisuwa da ɗan man gyaɗa in an samu mai zuwa. Sai ranar addu'ar bakwai ta babanku. Kuna nan ai, ku kuka yi ta hidima. Lawali ya zo, ya zauna cikin maza a ƙofar gida, aka shafa fatiha da shi, ya tashi ya tafi bai shigo ba. Abdu ne ya zo ya raɗa mini, na ce to Allah ya ba da lada. Ba a jima ba wata mata mai jiki ta yi sallama, ƙura har gira don a kan moto, wato babur, ta zo, ta ratsa mata ta zauna dab da ni ta kama hannuna. Sai da ta ce "Yaya" na gane ta. Muka yi gaisuwar rasuwa, aka kawo mata ruwa. Ɗankwalinta ya kwance saboda iskar hanya, ta kai hannu ɗaya tana kokawa da shi, na ce kawo in ɗaura miki. Na zare shi, sai na ga kanta fari fat, furfura tun daga goshi har ƙeya.

Kun tuna kukan da na yi a ranar, wanda har Nafisa ta riƙe ni, mata suna cewa ki yi haƙuri Rabi, Malam Isufu ya huta, addu'a yake bukata. Na bar su a haka, ku ma na bar ku a haka. Babanku na riga na yi masa nasa kukan tun ranar da aka fita da shi. Wannan na Barira ne. Yarinyar da na tarar zaune kan ƙunshinta tana jira in tasa ta a gaba, ita ce Allah ya nuna mini ta yi furfura.